Man Tashar Yari

Saura kaɗan ban rubuta wannan ba. Karatuna a aji uku ya tsaya, a elementare ta Ikara, har yanzu kuma hannuna ba ya bin layi sosai. Ga shi maganar ta shafi mahaifina, ni kuwa 'yar fari ce, ko sunana ba ya kamawa. Amma shekaranjiya a bakin rijiya na ji wata ta ce wa wata, "Ga matar mai sayar da man surukinsa can." Na dawo gida, na ajiye tulu, na ɗauko fensir.

Babana, Alhaji Inuwa, yana da babbar mota guda ɗaya mai bodin katako. Tana kwasar rake da gyaɗa daga Ikara da Makarfi zuwa Zariya. Mijina Maiwada shi ne direbanta, tun kafin aurenmu. A da suna hira, har Baba kan zauna a gaban mota su tafi tare. Da aka ɗaura aure sai magana ta ƙare a tsakaninsu. Maiwada ya hango Baba ya cire takalmi, ya tsuguna daga nesa, a gaisa, shi ke nan. Duk wani saƙo sai ta bakin Gwaggo Lantana, ƙanwar Baba, wadda ta raine ni.

Shekarar da aka samu mulkin kai Baba ya buɗe ajiya a banki a Zariya. Ya shirya da wani mai gidan mai a Sabon Gari cewa mota ta riƙa sha, ƙarshen wata banki ya biya daga ajiyar. Ya dangwala yatsa, aka gama. Tun daga lokacin kowane wata ambulan ke zuwa, Baba ya jefa shi cikin akwatin ƙarfe ko buɗewa ba ya yi. Ya ce lissafinsa yana cikin kansa.

Shekara uku ana haka, sai ya je ɗaukar kuɗin taya, akawu ya ce masa kuɗin ba su kai ba. Ya dawo ranar Litinin da la'asar da doguwar takarda a aljihu. Ya aiko Gwaggo.

"Ya ce a kira wadda ta yi boko," in ji ta.

Na goya 'yata Hajo muka tafi. Baba yana zaure, ni na zauna a bayan ƙofar cikin gida, Gwaggo tana tsakani tana miƙo takardu. Da Turanci aka buga su, ni kuwa ba na ji. Abin da na sani shi ne lamba, da sunayen wata, da sunan gari in na bi shi a hankali. Na sa yatsa ina bi. Kowane wata akwai layin Sabon Gari da kuɗi masu yawa, wannan an san shi. A ƙarƙashinsa kuma sai wani ƙaramin layi: Tashar Yari, fam ɗaya da sule goma sha biyu. Wani watan ya ɗan haura, wani ya ɗan gaza.

"Tashar Yari kuma?" Baba ya tambayi Gwaggo. "Ni ban taɓa shan mai a can ba. Tambaye ta tun yaushe."

Aka buɗe akwati, muka yi ta yage ambulan. Wasu gara ta ci gefensu. Na ƙirga wata goma sha huɗu. Na haɗa sau uku, da fensir da kuma ƙwayar masara, don ban yarda da kaina ba. Fam ashirin da biyu da sule takwas.

Baba ya ce, "Mota ce ke bin hanyar nan kullum."

Washegari da safe Gwaggo ta shigo gidanmu, ta daɗe tana gaisuwa, ta tambayi har lafiyar awaki, sannan ta ce Alhaji ya ce a ba da makulli. Ya aika Zariya a turo masa wani direba ranar Juma'a. Maiwada ya shiga ɗaki ya ɗauko, ya miƙa mata da hannu biyu.

Da ta fita na ce, "Ka sha man ne?"

"Motar nan gas take sha. A Tashar Yari fetur kawai gare su da kananzir. Me zan yi da fetur?"

"To ka je ka gaya masa."

"In tsaya gaban Alhaji in ce masa ya yi kuskure? Zulai, kina cikin hankalinki?"

"To ka aika wani."

"In na aika, na yi musu da shi ke nan."

"In ka yi shiru kuma ka amsa."

Ya ɗauki fartanya ya ce zai duba gero, geron da aka girbe tun watan jiya. Na bi shi da kallo, raina ya ɓaci har na rasa wanda zan ji haushi. Kafin azahar maganar ta kai tasha. Maganar feturin ma sai ta ƙara ɓata abu, aka ce ai shi ya sa, a garwa yake ɗura shi ya sayar wa masu babur a hanya. Wani har ya rantse ya ga garwar.

Ni ba mai magana ba ce. A makaranta in malam ya nuna ni, ko na san amsa sai in sunkuyar da kai. Amma Juma'a saura kwana uku, kuma na lura cikin mutum uku da abin ya shafa babu mai niyyar tambayar komai. Na roƙi Maiwada ya bar ni in kai Hajo awo a Makarfi ranar Laraba, ranar kasuwa. Ya san ba awo ba ne, ya ce in gaida masu awon. Gwaggo kuwa sai da na yi mata kuka.

"Ke dai bokon nan ne ya ja mana," ta ce tana ɗaura gyale. "Da ba ki iya ba, da takardar tana akwati kowa na zaune lafiya."

Muka shiga motar 'yan kasuwa, muka wuce Makarfi, muka sauka a Tashar Yari inda hanyarmu ta haɗu da babban titi. Gidan man ba wani gida ba ne. Famfo ɗaya ne na hannu, da rumfar kwano, da ganguna uku. Mai kula da shi wani dogon mutum ne mai haƙorin Makka, sunansa Ɗan'azumi. Suka gaisa da Gwaggo, suka gano kakarsa 'yar garin Taba ce, suka shiga lissafin dangi. Ni ina tsaye da takarda a hannu har gumi ya jiƙa ta. Daga ƙarshe na miƙa masa takardar kawai, yatsana a kan layin.

Ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa. "Baiwar Allah, ni ajami na iya. Mene ne?"

"Kuɗin mai ne," na ce. "Na Alhaji Inuwa na Ikara."

"Ɗaga murya, ba a ɗakin miji kike ba."

"Wa ke shan mai a nan da sunan Alhaji Inuwa?"

"Au, wannan. Ai ki ce haka." Ya yi dariya, ya jawo wani littafi mai maiƙo daga ƙarƙashin benci. "Malam Nehemiya mana, malamin asibitin Kudan. Galan biyu duk Laraba. Ni nake rubutawa, ƙarshen wata in aika wa maigidana a Sabon Gari, ai famfon nasa ne, shi kuma ya haɗa ya kai banki. Ko kwabo ban ƙara ba, ga shi ki duba."

"Direban motar fa?" in ji Gwaggo.

"Maiwada? Wannan ko ruwan radiyeta ba ya tsayawa ya ɗiba. Hon yake yi mini ya wuce."

Na ce, "Wa ya ce a ba malamin asibiti?"

"Wa zai ce? Mai kuɗin."

"Babana?"

"Babanki ne? To da bakinsa, nan inda kike tsaye." Ya gyara zama, da gani labarin yana yi masa daɗi. "Daminar bara ce, ranar Laraba, ana yayyafi. Malam Nehemiya ya turo babur ɗinsa tun daga gada, mai ya ƙare, aljihu ba ko sisi, wai ba a biya su albashi ba. Ni kuwa ba na ba da bashi. Muna cikin haka sai ga Alhaji a kan keke. Alhaji guda, mai mota, a kan keke, riga duk taɓo, hula ta faɗi a hanya. Ya je Makarfi, inda malamin ke duba marasa lafiya ranar kasuwa, aka ce masa bai iso ba, ya biyo hanya. Ya ce akwai mai naƙuda a Ikara kwana biyu ke nan, ungozoma ta gaza. Na ce wa zai biya man? Ya ce, 'Zuba masa. Duk ranar da ya zo nan ka zuba masa, a kaina.' Na ce duk ranar? Ya ce, 'Kai kurma ne?' Ya bar mini keken ya haye bayan babur."

Gwaggo ta dube ni, ta dubi Hajo a bayana, ta kau da kai.

"Wace ce mai naƙudar?" na tambaya, ko da yake na sani.

"Na tambaye shi. Ya ce wata yarinya ce ta unguwarsu."

Hajo watanta goma sha huɗu. Abin da na sani game da ranar da na haife ta shi ne na farka na ga wani mutum da jakar fata yana wanke hannu. An ce mini Allah ne ya kawo shi. Maiwada yana Zariya da mota. Baba kuwa ko leƙowa bai yi ba, ranar suna ma gona ya tafi tun da sassafe, kamar yadda ake yi wa 'ya'yan fari. Na san al'ada ce, amma na riƙe abin a raina.

Na ce, "Gwaggo, kin sani?"

"Na san ya fita da keke. Ban tambaye shi ina ya je ba. Ana tambayar Yaya?"

Ɗan'azumi ya ce mu jira, mutumin ba ya wuce azahar. Ba mu daɗe ba kuwa sai ga ƙarar babur. Gajeren mutum ne mai tabarau, da gajeren wando da doguwar safa. Ya gane ni kafin in gane shi, ya taɓa kumatun Hajo ya ce, "Wannan ce ta sa muka faɗi sau biyu a laka." Da Ɗan'azumi ya gaya masa abin da ya kawo mu, sai ya cire tabarau ya riƙe.

"Amma Alhaji ya sani," ya ce. "Laraba ta biyu da aka ce mini an biya, na ƙi yarda. Na tafi Ikara takanas. Na ce, 'Alhaji, ɗawainiyar nan ta yi yawa.' Ya ce, 'Haba Malam, wace ɗawainiya, ba komai.' Da Kirsimeti na kai masa zabi biyu, na ce na gode da abin da ake ta yi mini. Ya ce, 'Ka daina faɗa, kana ba ni kunya.' Da babbar Salla na koma, ina fara magana ya ce yaya ruwa a wajenku."

"Ka ce masa mai?" na tambaya. "Ka ambaci fetur?"

Ya yi tunani. "Mutum ya yi maka alheri, ka tsaya kana lissafa masa galan?"

Na zauna a kan ganga. Wata goma sha huɗu. Wannan ya yi godiya bai faɗi ta mece ce ba. Wancan ya amsa bai tambaya ba. Mai famfo yana rubutawa, banki yana aikowa, akwati yana cika. Kowa ya yi ladabi, mijina kuma ya zama ɓarawo.

Malam Nehemiya ya ce zai biya, ko da sule biyar biyar ne a wata. Ya hana a zuba masa ranar nan, ya ce zai lallaba da wanda ya rage. Ya ce zai zo Ikara ranar Asabar ya yi bayani. Na ce Asabar ta yi nisa.

A mota na ce wa Gwaggo, "Sai ki gaya masa yau."

"Wa? Ni? In ce wa Yaya ya manta abin da ya fito daga bakinsa? In kuma tona cewa ya hau keke saboda 'yar fari? Ai gara a ce ya yi asarar fam ɗari."

"To Maiwada fa?"

"Maiwada yaro ne, zai samu wata motar."

"Da sunan ɓarawo?"

Ta ɓare goro ta ba ni rabi.

Na gaya wa Maiwada duk abin da muka ji. Na zaci zai tashi tsaye. Sai ya ce, "Allah sarki, Alhaji," ya ce kuma yanzu ne ma ba zai iya zuwa ba, don in ya je kamar ya je karɓar ban haƙuri ne. Na juya masa tuwo na fita tsakar gida, don kada in faɗi abin da zan yi nadama.

Alhamis da la'asar na goya Hajo na tafi gidanmu ba tare da an kira ni ba. Baba yana zaure shi kaɗai yana jan carbi. Na zauna inda na saba, bayan ƙofa. Na gaishe shi, ya amsa wa bango. Na kwance Hajo na sake ta, ta yi ta dafa ƙofa har ta isa wurinsa. Da jika babu kunya, matarsa yake kiranta.

"A'a, amarya, yau an tuna da tsoho? Ina tuwona? Ko kin samu saurayi?"

Na riga na shirya magana tun safe, duk ta gudu. Sai na dubi Hajo maimakon shi.

"Hajo," na ce, "ki gaya wa mijinki mun je Tashar Yari."

Carbin ya tsaya.

"Ki ce masa malamin asibitin Kudan ne ke shan man, galan biyu duk Laraba. Ki ce mai famfo ya ce ranar da aka haife ki wani ya zo a kan keke, ya ce duk ranar da malamin ya zo a zuba masa. Ki ce babanki bai taɓa tsayawa a wurin ba."

Hajo ta kama gemunsa tana ja. Na ji ana kiran awaki a maƙwabta, na ji wata tana daka. Ina kallon ƙafarsa kawai, babban yatsan yana motsi.

"Amarya," ya ce daga baya, "mutanen yanzu ba su san magana ba. Mutum ya faɗi abu cikin ruɗewa, sai a ɗauko littafi."

Ya zare gemunsa daga hannun Hajo, ya ci gaba.

"Shi kuma malamin, ya zo sau uku yana ta na gode, na gode. Na zaci kuɗin allura yake nufi."

Na jira. Na zaci zai ce a kira Maiwada. Na zaci ko sau ɗaya zai ce an yi kuskure. Sai na ji ƙarar ƙarfe, ya ciro makullin daga aljihu yana kaɗa wa Hajo, ta kama ta kai baki.

"Ki kai wa wancan mutumin," ya ce. "Ki ce akwai rake a Janfalan tun Talata yana bushewa, ban san me yake jira ba. Na Zariya in ya zo a ba shi kuɗin mota ya koma. Malamin kuma a bar shi ya ci gaba da sha, na riga na faɗa."

"Mutanen tasha fa?" Wannan ban bi ta kan Hajo ba, shi na tambaya kai tsaye, karo na farko a rayuwata.

Ya miƙe ya gyara riga. "Amarya, ki ce wa mutanen gidanku magariba ta yi." Ya sa takalmi ya tafi masallaci, rana ko ja ba ta yi ba.

Na ɗauki Hajo, na zare makullin daga bakinta, duk yawu. A hanya ina tafe ina kuka, ban san na keken ba ne ko na haushi. Da na isa gida Maiwada ya ga makullin ya miƙo hannu, fuskarsa ta washe. Na ɗaure shi a bakin zanena.

"Ba a nan aka ɓata sunanka ba," na ce. "Gobe ka je tasha ka jira ni."

"Zulai, mace a tasha?"

"Ka je dai."

Washegari da hantsi na yafa gyale na tafi. Na so a ce tashar cike take, amma motar Zariya ta riga ta tashi. Mutum biyar na tarar: mai shayi, da 'yan kamasho biyu, da wani tsoho mai gyaran taya da ba ya ji sosai, sai Maiwada a gefe kamar wanda aka kawo shari'a. Na tsaya a gaban teburin mai shayi, na kwance bakin zane, na ɗaga makullin yadda kowa zai gani.

"Alhaji ya ce a ba direbansa," na ce. "Man Tashar Yari malamin asibiti ne ya sha, Alhaji ne ya ba shi da bakinsa."

Tsohon ya sa hannu a kunne. "Me ta ce?"

Na sake faɗa, da ƙarfi wannan karon, har mai ƙosai a tsallaken hanya ta juyo. Na sa makullin a hannun Maiwada, na ja gyalena na rufe fuska, na bi ta gidanmu na ce wa Gwaggo daga yau duk ambulan da ya zo a kawo mini kafin ya shiga akwati.